Kwanukan takarda sun yi fumfuna, maigida ya ce in daina

Wata uwa daga Zariya ta rubuto mana: "Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Bara aka ba wa babbar 'yata aikin gida daga makaranta, a yi kwano da tsohuwar jarida da fulawa. Na taya ta, abin ya shiga raina, har na ƙudurta zan riƙa yin kwanuka da farantan ado ina sayarwa. A watan Agusta na yi guda goma sha biyu cikin kwana biyu, na shafe su da fentin mai. Ba a yi mako ba suka fara tsami, baƙin ɗigo-ɗigo ya feso musu, gindinsu ya yi laushi, fentin ya kumbura. Biyu ma sun ƙi fita daga robar da na yi su a kanta sai da na fasa su. Kyankyasai kuma suka samu gida. Maigida ya ce ɓarnar abinci nake yi, na cika masa ɗaki da wari, in daina. Ni kuwa ina son aikin nan. In haƙura ne, ko akwai inda na kuskure?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki daina. Amma ki sani maigida bai faɗi ƙarya ba: kwano goma sha biyu da suka ruɓe ɓarna ce, kuma ba kowa zai iya kwana da warin fulawa mai tsami ba. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, duk matsalolin da kika jero, in an cire ta maƙalewa a roba, tushensu guda ne: ruwa ya shiga takarda bai samu hanyar fita ba.

Wannan aikin da malaman makaranta ke kira fefa mashe, sunansa daga Faransanci ya fito, ma'anarsa taunanniyar takarda. Ana jiƙa takardar ne kawai don ta yi laushi ta bi siffar da ake so. Ƙarfi kuwa ba ya zuwa sai ruwan ya fita kaf, zaruruwan takardar sun kama juna, kwaɓin da ke tsakaninsu ya daskare. Kin ce kin gama goma sha biyu a kwana biyu, a watan Agusta, watan da ruwa ya fi sauka a Zariya, wanda ko wanki aka shanya sai ya kwana da danshinsa. Ba sai an tambaye ki ba, hawa shida ko bakwai na takarda kika ɗora a zama ɗaya. Saman ya sha iska ya yi kamar ya bushe, cikin yana nan jiƙe sharkaf. Kika zo kika lulluɓe shi da fentin mai, wanda ruwa ba ya ratsa shi, kin ga an rufe ƙofa ke nan da ɓarawo a ciki. Fumfuna laima take nema da ɗumi da abinci, fulawa kuwa abinci ce, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta kama duk abin da ya zauna a jiƙe. Fentin da ya kumbura, ruwan nan ne ke neman fita ta ƙarƙashinsa. Kyankyasai kuma tsamin ne ya gayyato su.

Kafin komai ki fitar da waɗancan kwanukan daga ɗaki yau ɗin nan, musamman in akwai mai asma ko jariri a gidan. Duk wanda kika danna da babban yatsa ya loɓa, ko baƙin ya ratsa har ciki, ki yar da shi, ba ya gyaruwa. Wanda yake da tauri, ɗigon kuma a sama kawai yake, ki sa takunkumi ki kankare fentin a tsakar gida, ki goge wurin da tsumma mai ɗan sifirit, ki bar shi kwana uku ko huɗu inda iska ke kaɗawa. Ki ajiye shi na gwajin fenti da zane. Kada ki sayar wa kowa da shi.

Sai maganar kwaɓi. Da alama ɗanyar fulawa kika dama da ruwan sanyi, don haka ake koyarwa a yawancin makarantu. Tana kamawa, amma tana cin fulawa da yawa, tana barin farin gari a jikin aiki, kuma tana saurin tsami. Dafaffen kwaɓi ya fi ta laushi da auki. Ki auna rabin gwangwanin madara na fulawa, ki tankaɗe, ki dama da rabin gwangwani na ruwan sanyi har gudaji su mutu. Ki ɗora ruwa gwangwani biyu a wuta, in ya tafasa ki rage wutar, ki riƙa tsiyaya damammiyar fulawar kina juyawa, kamar dai yadda kike talgen tuwo. Minti biyu zuwa uku ya isa. Za ki ga farin ya ragu, ya fara sheƙi. Ki sauke ki bar shi ya huce. Zai ƙara kauri in ya huce, to abin da ake so shi ne kaurin koko, wanda zai zubo daga cokali a hankali. In ya yi kamar tuwo ki sassauta shi da ruwan ɗumi. Lissafin dai kashi ɗaya na fulawa ne, kashi biyar na ruwa. Wannan ɗan awon zai ishe ki aikin yini, kuma kada ki yi fiye da haka, domin a zafin nan namu kwaɓin fulawa in ya kwana sai ya juya. Wanda ya rage da yamma ki zubar, ki wanke kwanon. Rabin warin da maigida ke kuka da shi daga ragowar kwaɓi yake fitowa.

In kina so ki rufe maganar ɓarnar abinci gaba ɗaya, ki koma sitacin rogo irin na masu wanki da guga. Cokali uku na cin abinci, ki dama da ruwan sanyi kaɗan, ki sheƙa masa tafasasshen ruwa kamar gwangwani biyu kina juyawa da sauri, har ya juye ya yi garai-garai. Yana bushewa fes ba tare da farin gari ba, kuma ba daga buhun tuwo ya fito ba. Sai dai shi ma ƙwari na cin sa, kada ki ɗauka kin tsira daga wannan.

Za ki ji ana cewa a zuba gishiri cokali ɗaya ko biyu a kwaɓi don hana fumfuna. Mu ba mu goyi bayan wannan ba a damina. Ki duba robar gishirinki a watan Agusta, ai kin san yadda yake jiƙewa ya dunƙule shi kaɗai. Gishiri jan laima yake yi daga iska, kuma haka zai yi a jikin kwanonki har bayan ya bushe. Abin da ya fi shi ne ki jefa kanumfari biyar ko shida a ruwan da za ki tafasa, ki tsame su kafin ki zuba fulawa. Yana rage wari, yana ɗan jinkirta lalacewa, amma ba ya maye gurbin shanya. Abu ɗaya kuma da muke roƙon ki: kada wani ya ba ki shawarar ɗiga fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin kwaɓi. Da hannu ake aikin nan, yaranki na sa hannu, ƙaramin cikinsu zai kai hannun baki. Guba ce, babu kwanon da ya kai wannan kasadar.

Ga kayan sayarwa, farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ya fi duka. Kashi biyu na gam, kashi ɗaya na ruwa. Ba ya tsami, ba ya kiran kyankyaso kamar fulawa, in ya bushe kuma yana da ɗan danƙo, kwano ba ya saurin karyewa in ya faɗi. Tsadarsa ce matsala, don haka ki raba: hawan farko da hawa biyu na ƙarshe da gam, na tsakiya da talgen fulawa wanda kika zuba wa gam cokali biyu bayan ya huce. Ƙaro kuwa, duk da yana da araha a kasuwanninmu, kada ki gina jikin kwano da shi. Yana bushewa da gautsi, kuma da ya ji laima yake sake narkewa.

Takarda ma tana da nata hali. Jarida ta fi kowace, don tana shan kwaɓi nan take. Takardar kalanda da ta mujalla masu sheƙi, da 'yar takardar nan ta rasit ɗin POS, an shafe su da abin da ke hana ruwa shiga, sai su riƙa zamewa suna ɗagowa. Ki bar su. Kafin ki yaga jarida ki buɗe ta shafi-shafi, ki ware duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah, irin shafukan addini da sanarwar ta'aziyya, tunda wannan takarda za a jiƙa ta, a daka, ragowarta kuma ta tafi shara. Yagawa ake yi da hannu, ba a sa almakashi. Bakin da aka yaga yana da gashi-gashi, yana narkewa cikin na kusa da shi ya ɓace. Wanda aka yanka kuwa layinsa na nan ko an yi fenti hawa uku. Ki gwada yaga jarida daga sama zuwa ƙasa, sannan daga gefe zuwa gefe: ta ɓangare ɗaya za ta tafi sak, ta ɗayan kuma ta karkace. Ki bi ɓangaren da take tafiya sak. Faɗin ziri kamar yatsu biyu, tsawonsa kamar tafin hannu. Wurin da kwano ya lanƙwasa sosai, irin kewayen gindi, ki yi amfani da ƙanana kamar akwatin ashana, don babban ziri a lanƙwasa tattarewa yake yi ya bar iska a ƙarƙashinsa.

Yanzu ga dalilin da ya sa biyu suka maƙale. Takarda tana tsukewa in tana bushewa. In a bayan roba kika ɗora ta, tsukewar sai ta sa ta rungume robar ƙam. In a cikin robar kika shimfiɗa ta, tsukewar ce za ta janye ta daga jikin robar, ta saki da kanta. Saboda haka mai koyo ya fara da cikin kwano. Ki zaɓi robar da bakinta ya fi cikinta faɗi, wadda ba ta da leɓe mai lanƙwasowa ciki ko zanen da ya kumburo. Sannan ki sa shamaki tsakanin robar da aikin. Wasu na shafa basilin, yana aiki, amma yana barin maiƙo a takarda, fenti kuma ba ya kama maiƙo. Hanya mafi tsafta ita ce kafin hawan farko ki shimfiɗa hawa ɗaya na zirin da kika jiƙa da ruwa zalla, babu kwaɓi ko kaɗan, ki rufe ko'ina da shi, sannan ki fara na kwaɓi a kansa. In ƙwarya za ki yi amfani da ita, ki lulluɓe ta da siririyar leda tukuna, don ita tana shan ruwa. Mai son siffar tulu ko buta, wadda wuyanta ya fi cikinta ƙanƙanta, dole ta ɗora a baya, in ya kai hawa huɗu ya bushe ta tsaga shi biyu da reza, ta cire, ta mayar da ɓarin biyu ta ɗinke tsagar da ƙananan zirare ciki da waje. Balan-balan ma ana ɗorawa a kansa, sai dai a inuwa kawai: in rana ta doke shi iskar ciki ta kumbura ta tsaga aikin, in dare ya yi sanyi ta motse takardar ta yamutse.

Wajen ɗorawa, ki tsoma ziri a kwaɓi, ki zare shi tsakanin yatsu biyu har sai ya daina ɗiga. Ya zama yana da danshi da santsi kawai. Mafi yawan masu farawa suna ganin yawan kwaɓi shi ne ƙarfi, alhali yawan kwaɓi yawan ruwa ne. Ki kwantar da shi, ki shafe da yatsa daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita, na gaba ya hau rabin na baya. Hawa ɗaya ki jera su a tsaye, na gaba a kwance, kamar saƙar tabarma. Wannan giciyen shi ke hana tsagewa. Don kada ki ruɗe da lissafi, ki riƙa sauya takarda: hawa ɗaya jarida, na gaba tsohon littafin rubutun yara. Da kin ga inda jarida ke leƙowa kin san nan ne ba ki rufe ba. A damina hawa biyu kacal a rana. Da rani za ki iya uku. Ƙaramin kwano na son hawa shida zuwa takwas gaba ɗaya. Faranti mai faɗi na son goma zuwa sha biyu, ko kuma ki yanka kwali mai kauri ki sa a tsakiya ki rufe shi da hawa huɗu ta kowane gefe, kina yin gefen biyu a rana ɗaya. In gefe guda kawai kika jiƙa, zai tsuke ya ja farantin ya bankare.

Shanya ita ce aikin, sauran duk sauƙi ne. Iska mai motsi ta fi zafi amfani. Ki ɗora aikin a kan rariya, ko ragar waya da aka ɗaga da bulo biyu, don iska ta bi ta ƙasa, kusa da taga ko gaban fanka in akwai wuta. Kada ki ajiye shi a kan siminti ko jikin bango, su biyun suna fitar da laima a damina. Manufa ita ce abin da kika ɗora da safe ya bushe kafin washegari, tun fumfuna ba ta samu zama ba. Da ya kai hawa huɗu ya yi ƙwarin da zai tsaya da kansa, ki cire shi daga robar, domin gefen da ke manne da roba ba ya samun iska sam, nan ne ruɓa ke farawa, shi ya sa gindin naki ne ya fara laushi. Ki kife shi, bayan wasu awoyi ki juya.

Yaya za ki san ya bushe? Ido na ruɗi, ki yi amfani da kunci. Ki kanga gindin kwanon a kumatunki: in kin ji sanyi-sanyi, da sauran ruwa a ciki, ko da saman ya yi fari tas. Busasshe ba ya da sanyi, ɗuminsa ɗaya da na ɗakin. Ki ƙwanƙwasa shi da farce, busasshe yana amsawa ƙwas-ƙwas kamar ƙwarya, mai danshi kuwa muryarsa a dushe take. In kina da ɗan sikelin kicin, ki auna shi da safe da yamma. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ya gama. Ko bayan nan ki ƙara masa kwana biyu kafin fenti. Kada gaggawa ta sa ki ɗora shi a kan risho ko kusa da garwashi, takarda ce, kamawa take yi. Rana mai sauƙi ta safe ba laifi bayan an cire shi daga roba, amma tsakar rana tana busar da gefe ɗaya da sauri ya karkace. Hunturu kuma nasa halin daban ne: bushewa kamar ƙiftawar ido, sai dai ƙura na mannewa a jiƙaƙƙen kwaɓi, bakin kwano kuma yakan murɗe. A lokacin ki shanya a ɗaki, faranti kuma in ya kusa bushewa ki danne shi da katako da wani abu mai nauyi ya kwana.

Akwai hanya ta biyu, ta dakakkiyar takarda, wadda ake yin ado mai tudu da ita, ko ƙafar kwano, ko 'ya'yan itatuwa na ado. Tsohon kiret ɗin ƙwai na takarda ya fi komai sauƙi a nan, don dama da dakakkiyar takarda aka yi shi. Ki yayyaga ƙanana, ki zuba ruwan zafi ya kwana. In jarida ce ki tafasa ta kamar rabin awa a tsohuwar tukunyar da aka daina girki da ita, saboda tawadar na fita ta bar baƙin maiƙo. Ki daka a turmi, shi ma wanda ba na abinci ba, har rubutu ya ɓace ya zama kamar dusa jiƙaƙƙiya. Ki juye a tsumma ki murɗe iya ƙarfinki, sannan ki marmasa. Gwangwani huɗu na wannan, gwangwani ɗaya na talge, gam cokali biyu, garin alli cokali uku, ki cuɗa har ya haɗe ya daina kama hannu. In ya farfashe, kwaɓi ya yi kaɗan. In yana naso, ruwa ya yi yawa, ki ƙara takarda. Kada kaurinsa ya wuce na fensir a zubi ɗaya. Abu mai ƙiba, kamar mangwaro na ado, ki dunƙule busasshiyar jarida ki ɗaure da zare ta zama cikinsa, ki shafa dakakkiyar a kai siririya. In kika yi shi cur da jiƙaƙƙiyar takarda, sai ya yi makonni cikinsa bai bushe ba.

A Kashmir, inda wannan sana'a ta yi ɗaruruwan shekaru, ma'aikatan kashi biyu ne: masu ƙera jikin abin su goge shi ya yi sumul, da masu zane da ke karɓa daga hannunsu. Abin lura a nan shi ne tsakanin ƙira da zane akwai aiki guda cikakke, kuma shi kika tsallake. In kwano ya bushe, ki daidaita bakinsa da almakashi, ki naɗe bakin da ƙananan zirare masu gam, rabi ciki rabi waje, don kada hawa-hawan su riƙa buɗewa kamar shafukan littafi. Ya bushe. Ki goge da samfefa mai lamba 120, sannan mai lamba 220, a hankali, don in kika matsa takardar sai ta tashi gashi. Sai farar shimfiɗa: gam cokali biyu, ruwa cokali biyu, tankaɗaɗɗen garin alli cokali huɗu, ki dama ya yi kamar kindirmo, ki shafa da burushi hawa biyu ko uku, kowane ya bushe ki ɗan goge. Ita ke cike ramuka ta ɓoye rubutun jarida. Farin fentin ɗaki na ruwa ma yana yi, in alli ya yi wuya. In ta tsattsage bayan bushewa, kin shafa da kauri ne ko alli ya fi gam yawa.

Launi kuma ki yi da fentin ruwa na akirilik, siriri, hawa biyu. Kalar yara ta makaranta tana sake narkewa in ta ji danshi, sai ki ga zane ya cakuɗe ranar da kika zo shafa masa abin ƙyalli. Wajen ado ba sai kin nemo daga nesa ba. Ke da kike Zariya, zanen tudu na bangon tsofaffin gidajen birni yana gabanki, ga dagi, ga zanen ƙwarya. Ki ɗauki irin ledar da masu lalle ke naɗewa, ki cika ta da wannan haɗin gam da alli amma mai kauri, ki zana a jikin kwano kamar yadda ake zana hannun amarya. In ya bushe zanen zai tsaya da tudunsa, ki bi kansa da ruwan gwal ko baƙi. Ƙarshe banish na kafintoci, hawa biyu zuwa uku sirara, kwana guda tsakanin kowane, a waje inda iska take kuma nesa da wuta. Ki shafe ciki da waje da gindi da baki, kada ki bar ko wurin da ya kai ƙwayar gero, don ta nan laima da ƙwari ke shiga. Reza da banish aikinki ne ke kaɗai. Yara su yi yaga da ɗorawa da fenti.

Ko da banish, kwanon takarda ba na ruwa ba ne kuma ba na abinci ba ne. A Ingila, wani mai suna Henry Clay na birnin Birmingham ya yi rajistar wata dabara a 1772, ta liƙa takardu a jiƙa su da mai a gasa a tanda, har ake yin tiren shayi da su. Wannan aikin masana'anta ne, ba abin da banish ɗin gida zai bayar ba. Naki na ajiye makulli ne, da sarƙa da 'yan kunne, da carbi, da alewa mai leda, ko a jingine a kabad don ado. Ki faɗa wa duk mai saye da bakinki: ba a wankewa, da busasshen tsumma ake gogewa, ba a zuba fura ko dabino tsirara a ciki. Mace ɗaya da ta wanke kwanonki ya narke a hannunta za ta iya kashe miki kasuwa a unguwa baki ɗaya.

Game da maigida, kada ki tsaya jayayya a kan abin da hancinsa ya riga ya shaida. Ki ce masa ya yi gaskiya a kan warin da ɓarnar, kin gano inda kuskuren yake, kina neman izinin gwada kwano ɗaya tak. Ki fitar da aikin daga ɗakin kwana zuwa wani lungu na baranda ko zaure, takardu a buhu ɗaya a ɗaure, babu kwaɓin da zai kwana. Ki sayi sitacinki ko 'yar fulawarki daban da kuɗinki, ki rubuta abin da kika kashe a littafi, gam nawa, fenti nawa, don ranar da za ki sa farashi ki san inda kika tsaya, shi ma ya ga abin da tsari. Maganar yin da yawa don sayarwa ki jinkirta ta zuwa ƙarshen Oktoba, in ruwa ya ɗauke.

Shi wannan kwano ɗayan, ki ba shi kwana goma sha biyu. Ranar farko hawan ruwa zalla da hawa biyu na kwaɓi. Rana ta biyu, in ya wuce gwajin kunci, hawa biyu; in bai wuce ba ki ƙyale shi, ba a bin kalanda a nan. Rana ta uku ki cire shi daga roba ya wuni a kife. Ta huɗu da ta biyar ki cika hawa takwas, ki naɗe baki. Kwana biyu ba ki taɓa shi ba sai juyawa. Sauran kwanakin na samfefa ne da farar shimfiɗa da launi da banish. In an gama ki ajiye shi a kan kabad mako biyu, kina shinshina gindinsa kina danna shi da yatsa. In bai sauya ba, ki ɗora uku a tare a robobi daban-daban, ki rubuta ranar da kika fara kowanne da fensir a gindinsa, don ki san wanda ya kai fenti da wanda ke jiran iska.